Allurar Da Ke Tona Asirin Karkarwa Da Gigin Tsufa

Ran 19 ga watan Yuli na shekarar 1996, a daren da aka buɗe wasannin Olamfik a birnin Atlanta na ƙasar Amurka, dubban 'yan kallo da ke cikin fili, da miliyoyin da ke gaban telebijin ko'ina cikin duniya, sun ga tsohon zakaran damben duniya, Muhammad Ali, ya ɗaga sandar wuta domin ya kunna wutar wasannin, alhali kuwa hannunsa na hagu yana ta karkarwa, ya kasa tsai da shi. Mutumin da a da ba a iya ganin fitar hannunsa saboda sauri, ga shi yana motsi a hankali kamar wanda aka ɗaure wa duwatsu.

Tun cikin 1984 likitoci suka ce yana da alamun cutar Parkinson, lokacin yana da shekara 42, watau shekara uku bayan dambensa na ƙarshe. Amma gardama ba ta ƙare ba har bayan rasuwarsa cikin watan Yuni na 2016. Waɗansu suka ce naushin da ya sha ne ya dagula masa ƙwaƙwalwa, kamar yadda ya kan faru ga tsofaffin 'yan dambe, waɗansu kuwa suka ce cutar Parkinson ce ta ainihi, irin wadda ke kama wanda bai taɓa shiga fage ba.

Sai cikin 2022 waɗansu likitoci uku, cikinsu har da Mahlon DeLong na Jami'ar Emory da ke Atlanta, inda aka yi shekaru ana duba Ali, suka bayyana abin da ke cikin takardunsa na asibiti. Daga cikin hujjojin da suka kafa akwai hotuna biyu na ƙwaƙwalwarsa, ɗaya na 1997 ɗaya na 1998, waɗanda aka ɗauka bayan an yi masa allurar wani sinadari mai fitar da tururin nukiliya. Hotunan sun nuna irin zanen da a ke gani ga masu cutar Parkinson ta ainihi. Likitocin ba su wanke dambe daga zargi ba, domin an san bugun kai yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar, amma sun tabbatar da sunan ciwon da ya yi shekara talatin da biyu yana fama da shi.

Wace irin allura ce wannan da ke nuna abin da ke gudana cikin ƙoƙon kan mutum yana raye, ba tare da an tsaga shi ba? Kuma ina amfaninta ga tsoho mai rawar hannu ko tsohuwa mai mantuwa a ƙasar nan?

KAMA DA WANE BA TA WANE

Wani likitan Landan, James Parkinson, shi ya fara bayyana wannan cuta a rubuce cikin 1817, bisa ga mutum shida da ya lura da su. Alamunta su ne karkarwar hannu sa'ad da mutum ya ke zaune bai taɓa kome ba, da sandarewar gaɓoɓi, da nauyin motsi, da tafiya a sunkuye da gajerun taku. An daɗe ba a san sanadinta ba, sai cikin 1960 masana biyu a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Ehringer da Hornykiewicz, suka auna ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu da cutar, suka tarar wani sinadari da a ke kira dofamin ya ƙare ƙwarai a wani sashe na tsakiyar ƙwaƙwalwa. Dofamin shi ne ɗan aiken da ke kai umurnin motsi daga wata jijiya zuwa wata. In jijiyoyin da ke yin sa suka mutu, sai umurni ya riƙa makara. Kafin alamu su bayyana a fili, kimanin rabin bakunan waɗannan jijiyoyi, ko fiye, sun riga sun lalace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin 2019 mutum fiye da miliyan 8.5 ne ke da cutar.

To, abin da ke wahal da likita shi ne, karkarwa iri-iri ce. Akwai wadda ta kan bi jini a gida guda, wadda ke tashi sa'ad da mutum ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa ko zai yi rubutu, ita kuwa ba ta taɓa jijiyoyin dofamin. Akwai wadda magunguna ke jawowa, musamman na kwantar da masu taɓin hankali irin su haloperidol da chlorpromazine, wanda aka fi sani da Largactil, har ma da metoclopramide na tsai da amai. Wannan ta kan tafi in an daina shan maganin. Ko wace da nata magani: levodopa, wanda ke taimakon mai cutar Parkinson ƙwarai, ba ya yi wa mai karkarwar gado kome sai ɓarnar kuɗi. Binciken da aka yi ta hanyar gwada abin da likitoci suka faɗa da abin da aka gani a ƙwaƙwalwa bayan mutuwa ya nuna cewa kimanin sau takwas cikin goma ne a ke dacewa. Saura biyun nan mutane ne da suka yi shekaru suna shan maganin ciwon da ba su da shi.

ASALIN DABARAR

Wanda ya kafa tushen wannan ilmi wani masanin haɗa sinadarai ne ɗan ƙasar Hangari, George de Hevesy. Ana ba da labari cewa sa'ad da ya ke ɗalibin bincike a Manchesta ta Ingila, wajen 1911, ya zargi uwar gidan da ya ke haya da cewa tana sake dafa musu ragowar nama. Sai ya barbaɗa ɗan sinadari mai tururin nukiliya a kan ragowar da ya bari a faranti, bayan 'yan kwanaki ya kawo na'urar awo kan tebur, ita kuwa ta nuna lalle naman jiya ne ya komo da sabon suna. Cikin 1923 ya yi amfani da wannan dabara ya bi sawun dalma cikin tsiron wake, daga saiwa har ganye. An ba shi lambar Nobel ta 1943 saboda wannan aiki.

Hikimar ita ce, a ɗauko wani sinadari wanda jiki ya saba da shi, ko wanda ke son manne wa wani abu takamaimai cikin jiki, a liƙa masa ƙwayar zarra mai fitar da tururi, sa'an nan a yi allurarsa ɗan kaɗan cikin jijiyar jini. Duk inda ya je ya taru, tururinsa zai riƙa fitowa ta cikin fata, na'ura kuma ta kama shi daga waje, kamar makiyayin da ya rataya wa akuyarsa ƙararrawa domin ya san inda ta shiga cikin duhu. Hal Anger na Jami'ar Kalifoniya ya ƙera kyamarar kama irin wannan tururi a ƙarshen shekarun 1950, daga ita aka samo na'urar da a ke kira SPECT, mai kewaya kan majiyyaci. Ɗaya na'urar kuwa, watau PET, zobe ce ta idanun awo, mai kama tururi biyu da ke fita a lokaci guda, ɗaya gabas ɗaya yamma, ta haka kwamfuta ke gane ainihin wurin da suka taso.

Bambancin waɗannan da hoton ƙashi, ko hoton CT da MRI, shi ne su waɗancan suna nuna siffar gini, wannan kuwa yana nuna aikin da a ke yi cikin ginin. Mai cutar Parkinson ya kan yi hoton MRI a ga ƙwaƙwalwarsa sumul kamar ta kowa.

WAƘAFI KO AYA

Sinadarin da aka fi amfani da shi wajen rarrabe karkarwa sunansa ioflupane, a kasuwa kuwa DaTSCAN. Ƙasashen Turai suka amince da shi cikin 2000, Amurka cikin Janairu na 2011. Abin mamaki, an gina shi ne bisa fasalin hodar ibilis, domin ita ma a bakunan jijiyoyin dofamin ta ke mannewa, amma abin da a ke yi wa mutum allurarsa bai kai ya sa maye ko kusa ba. Ƙwayar da ke fitar da tururi a jikinsa ita ce aidin mai lamba 123.

Majiyyaci ya kan fara shan aidin na yau da kullum aƙalla sa'a guda kafin allurar, domin halittar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo ta ƙoshi, kada ta zuƙe mai tururin. Bayan allura a kan jira sa'a uku zuwa shida, sa'an nan ya kwanta shiru kimanin minti 30 zuwa 45, kyamara na kewaya kansa. In jijiyoyin dofamin lafiya lau su ke, sai a ga haske biyu masu kama da waƙafi, dama da hagu, suna fuskantar juna. In kuwa sun fara mutuwa, wutsiyar waƙafin ce ke fara ɓacewa, galibi a ɓangaren da ke kishiyar hannun da ke rawa, har ya koma kamar aya. Mai karkarwar gado, da wanda magani ya jawo wa tasa, waƙafinsu biyu cif.

Hoton da aka yi wa Muhammad Ali cikin 1998 na wani sinadari ne dabam, fluorodopa, wanda masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka fara nuna dofamin na mutum mai rai da shi cikin 1983. Shi ƙwaƙwalwa ke ɗauka tamkar kayan haɗa dofamin, saboda haka inda masu haɗawar suka mutu sai wurin ya dushe.

Tururin da mutum ke sha a hoton DaTSCAN guda bai wuce awo 4 zuwa 5 na ma'aunin milisibat ba. Abin da ɗan Adam ke sha a shekara daga ƙasa da duwatsu da sararin sama kuwa, a matsakaicin lissafin duniya, awo 2.4 ne. Watau kamar na shekara biyu ke nan. A kan umurci mutum ya sha ruwa da yawa domin saura ya fita ta fitsari, kuma a kan kauce wa yi wa mai ciki.

GIGIN TSUFA BA IRI ƊAYA BA NE

Abin da Hausawa ke kira gigin tsufa, watau tsoho ya riƙa mantuwa har ya ɓata a unguwarsu ko ya kasa gane 'ya'yansa, likitoci sun tabbatar ciwo ne, kuma iri-iri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin 2021 mutum miliyan 57 ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin 100 cutar Alzheimer ce. Sunan na wani likitan Jamus ne, Alois Alzheimer, wanda cikin 1906 ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu bayan shekaru cikin ruɗewa, ya ga waɗansu dunƙule-dunƙule tsakanin jijiyoyi da waɗansu zare-zare a cikinsu. Dunƙulen su ne a yau a ke kira amiloyid, zaren kuma tau. Kusan shekara ɗari bayan haka, ba mai iya ganinsu sai a gawa.

Matakin farko shi ne sukari mai tururi, FDG, wanda aka haɗa a ɗakin bincike na Brookhaven aka fara gwada shi ga mutum a Jami'ar Pensilbaniya cikin Agusta na 1976. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kimanin kashi 20 na ƙarfinsa, kuma sukari ne abincinta. Sashen da ya raunana ya kan rage ci, sai ya fito a dushe. A cutar Alzheimer gefe da saman baya ne ke dushewa, a wani irin gigin kuma goshi ne, inda hali da kunya su ke, shi ya sa dattijo mai kamun kai ya kan soma abin da bai taɓa yi ba.

Sa'an nan William Klunk da Chester Mathis na Jami'ar Pittsburgh suka haɗa wani sinadari mai manne wa amiloyid kansa, aka fara gwada shi ga mutum a Uppsala ta ƙasar Suwidin cikin 2002. Daga bisani Amurka ta amince da guda uku da za a iya sayarwa: Amyvid cikin 2012, Vizamyl cikin 2013, Neuraceq cikin 2014, kana Tauvid mai nuna zaren tau cikin 2020. Wani babban bincike da aka buga cikin 2019, kan tsofaffi fiye da 11,000 a Amurka waɗanda ciwonsu ya rikitar da likitoci, ya nuna cewa bayan hoton an sake tsarin jiyyar kimanin kashi 60 cikin 100, kuma kashi 25 an janye musu sunan Alzheimer aka koma neman wani dalili. Sababbin magungunan da ke share amiloyid, lecanemab da aka amince da shi sosai cikin 2023 da donanemab cikin 2024, ba a ba da su sai an tabbatar akwai amiloyid ɗin. Su ma rage saurin ciwon kawai su ke yi, ga tsada, ga haɗarin kumburi ko zubar jini a ƙwaƙwalwa.

Inda rarrabewa ta zama batun rai da mutuwa shi ne wani gigi da a ke kira na Lewy, da sunan likitan da ya fara ganin ƙulluttukansa cikin 1912. Mai shi ya kan ga mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu su, yau ya yi garau gobe ya ruɗe, ya riƙa duka da shuri cikin barci. Irin wannan tsoho ne a ke cewa aljanu sun shafe shi, ko a ce tsohuwa mayya ce, ko kuwa a nemo masa maganin mahaukata. Alhali kuwa haloperidol da 'yan'uwansa na iya sandarar da kusan rabin masu wannan ciwo, har waɗansu su rasa rai. Hoton DaTSCAN na raba shi da Alzheimer, domin a gigin Lewy waƙafin ya kan lalace, a Alzheimer kuwa galibi yana nan. Turai ta amince da wannan amfani tun 2006, Amurka cikin 2022. Likitocin Japan kuma sun shahara da wata hanya ta duba jijiyoyin zuciya da sinadarin MIBG, domin su ma suna dushewa a wannan ciwo.

IYAKAR HOTON

Duk da haka hoton ba boka ba ne. DaTSCAN na nuna jijiyoyin dofamin sun mutu, amma ba ya faɗin ko cutar Parkinson ce ta kashe su ko waɗansu 'yan'uwanta biyu-uku masu tsanani da ba su jin levodopa sosai. Haka nan ganin amiloyid bai isa a ce mutum yana da gigi ba: wani lissafi na 2015 ya nuna akwai shi ga kashi 10 cikin 100 na masu shekara 50 da hankalinsu ke garau, da kashi 44 na masu shekara 90. Rashinsa ne ya fi ƙarfin hujja, domin in babu amiloyid, da wuya a ce Alzheimer ce. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce, ba a yin hoton sai bayan ƙwararre ya duba majiyyaci, ya ji ta bakin iyalinsa, kuma shakka ta saura.

MAGANIN DA KE TSERE DA AGOGO

Babbar matsalar waɗannan sinadarai ga ƙasa irin Nijeriya ita ce ba su ajiyuwa. Ko wace ƙwaya mai tururi tana da wa'adin da ƙarfinta ke raguwa da rabi, ba sanyi ko kwalba da ke hana shi. Na kabon 11, wanda ke jikin sinadarin Pittsburgh, minti 20 ne, saboda haka bayan sa'a biyu kashi ɗaya cikin 64 ya rage. Na fulorin 18, wanda ke jikin FDG da Amyvid, minti 110 ne: in aka ɗora shi a mota daga Legas aka yi sa'a 11 a hanyar Arewa, shi ma ɗaya cikin 64 zai isa. Na aidin 123 sa'a 13 ne, watau jinkirin kwana guda a filin jirgin sama ya cinye kusan kashi uku cikin huɗu. Tamkar mai tallan ƙanƙara ne a watan bazara.

Dukansu uku da wata na'ura a ke yin su mai suna saikulotiron. Ƙaramar tukunyar nukiliya da ke Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, wadda ta fara aiki cikin 2004, ta bincike da koyarwa ce, ba irin wannan aiki aka yi ta dominsa ba. Asibitin Koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar likitancin nukiliya cikin 2006 da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, Asibitin Ƙasa na Abuja ma ya sami tasa, a Legas kuma wata cibiya mai zaman kanta ta kafa na'urar PET a farkon shekarun 2020, ko da ya ke ciwon daji ne ya fi cin aikinta. Ga mutane fiye da miliyan 200, wannan ɗigo ne cikin kogi.

Akwai hanyoyi biyu da ke iya rage tazarar. Ta farko wani sinadari ne, TRODAT, da aka haɗa a Jami'ar Pensilbaniya, wanda a ke amfani da shi a Taiwan. Shi ma bakunan dofamin ya ke nunawa, ko da ya ke hotonsa bai kai na DaTSCAN tsabta ba, amma ƙwayar tururinsa, teknishiyam, daga wata 'yar tukunya a ke tatsar ta a cikin asibiti har mako guda ko fiye. Ta biyu kuwa gwajin jini ne na alamun Alzheimer, wanda Amurka ta amince da na farkonsa cikin Mayu na 2025.

Bukatar kuwa tana nan. Binciken haɗin gwiwa tsakanin Ibadan da Indiyanapolis, wanda marigayi Farfesa Benjamin Osuntokun na cikin jagororinsa, ya ba da rahoto cikin 1995 cewa kashi 2.29 cikin 100 na tsofaffin Ibadan masu shekara 65 zuwa sama na da gigi, a kan kashi 8.24 na baƙaƙen Amurka. Adadin ya yi ƙasa, amma yawan tsofaffin ƙasar nan ƙaruwa ya ke yi ko wace shekara.

Kafin waɗannan na'urori su iso kusa, darasin da suka koya wa duniya ya riga ya iso, kuma ba ya bukatar saikulotiron. Duk gidan da tsoho ya fara rawar hannu, ko mantuwar da ta wuce kima, ya kamata a kai shi ga likita, in da hali likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a tafi da kwalayen duk magungunan da ya ke sha, da wanda ya fi kowa sanin halinsa dare da rana. Waɗansu dalilan mantuwa, kamar ƙarancin bitamin B12, da raunin halittar nan ta wuya, da baƙin ciki mai tsanani, gwajin jini ko hira da likita ke gano su, kuma suna jin magani. Hawan jini kuwa, wanda ke toshe ƙananan hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa, tsare shi tun da wuri ya fi. Tsohon da ke ganin abin da babu, kada a saya masa maganin mahaukata a kemis ba da izinin likita ba. Maƙera sun ce sanin wurin bugu shi ne ƙira, iyayen da suka raini mutum kuwa sun cancanci a san sunan ciwonsu kafin a ɗura musu magani. Allah Ya ba marasa lafiya lafiya, Ya sa a gama da iyaye lafiya.